Sufayen Buda da Masu Cutar Ƙanjamau a Tailan

Mai sauraronmu daga Damagaram, kana tambaya ko malaman addinin Buda na taimakawa wajen rage ƙyamar masu ƙanjamau. Ƙwarai kuwa.

A Tailan, da yawa sun ɗauki cutar a matsayin sakayyar mugun aiki, shi ya sa mai ita kan ɓoye, ya ƙi zuwa asibiti. A ƙarshen shekarun 1990 aka kafa shirin Sangha Metta a Chiang Mai, aka horar da sufaye kan yadda cutar ke yaɗuwa. Sufayen kan karɓi abincin sadaka daga hannun mai cutar, su ci a gaban jama'a. Wannan, a ganinmu, ya fi dogon wa'azi tasiri. Sukan kuma ziyarci majinyata gida, su ƙarfafa musu gwiwar zuwa karɓar magani.