Aron Dabarar R Don Neman Riba Mafi Yawa

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi bayani a kan wani lissafi da 'yan kasuwar Kantin Kwari ta Fagge da ta Sabon Gari suke yi da ka kullum. Mai sayar da atamfa in ya tsawwala kuɗi, masu saye su gudu. In kuwa ya karyar ƙwarai, ya taɓa uwar kuɗi. To, nawa zai sayar, kuma turmi nawa zai saro, don ribarsa ta fi yawa?

Akwai harshen kwamfuta na ƙididdiga mai suna R, wanda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙago a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990. Yana da umarnin optim, mai neman irin wannan amsa ta dabarar Nelder da Mead ta 1965. In abin nema biyu ne, kamar farashi da yawan kaya, sai dabarar ta yi kintace uku, ta yar da mafi muni, ta gwada wani daura da shi, har kintacen su taru wuri guda.

Amma R yana da nawa in gwajin ya kai dubbai, domin yana fassara umarni yana cikin aiki. Harshen C kuwa, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a 1972, tun da farko ake juya shi zuwa harshen inji, shi ya sa ya fi sauri. Abin daɗi shi ne, da C aka rubuta dabarar nan a cikin R, sunanta nmmin.

Ga yadda ake aronta. Ka rubuta lissafin ribarka da C, ka jawo fayil ɗin R_ext/Applic.h, ka haɗa shirinka da R, sannan ka miƙa wa nmmin lissafin da kintacen farko. Ita za ta yi ta kiransa har ta sami amsa. Sai dai a kula, mafi ƙanƙanta take nema, saboda haka a sa wa riba alamar ɗebewa. Kuma a sake gwadawa da wani kintacen, don takan ɗauki tudu a matsayin dutse.

Shawarata ita ce, kada mu ɓata lokaci wajen sake ƙera abin da masana suka riga suka gwada. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.