Adana Hotunan Gida a Mazubin Roba a Ƙasar Kurfai

A ƙasar Kurfai, tun daga Filinge har Abala, hoton da aka wanke a takarda shi ne sau da yawa shaida guda da ta rage ta fuskar kakan da ya rasu, ko ta ranar ɗaurin aure, ko ta dawowar alhaji daga Makka. Darajarsa ta ƙara fitowa fili tun shekarar 2012, lokacin da masu gudun hijira daga Mali suka fara sauka a Abala, domin wanda ya bar gida cikin gaggawa ya san cewa kayan da aka rasa ana iya sayen wasu, amma hoton da ya salwanta ba shi da madadi. Saboda haka gidaje da dama suka koma zuba hotunansu a mazubin roba mai murfi, wanda yake tsare su daga gara da ɓera da ƙurar hunturu da yoyon ɗaki, sai dai masu aikin adana hotuna sun sha ganin hotunan da robar da kanta ta lalata.

Dalilin hakan yana cikin yadda aka yi hoton. Yawancin hotunan da aka wanke a ɗakin hoto suna da wani siririn shafi a samansu mai suna jelatin, wato sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, kuma a cikinsa ne surar take zaune. Wannan shafi yana shan danshi, ta yadda idan laimar iska ta haura kashi 65 cikin ɗari na tsawon kwanaki sai fumfuna ta fara kama shi, ya yi laushi, ya manne da ɗan'uwansa ko da jikin leda. Zafi kuwa yana gaggauta koɗewar hoto mai launi ko da yana cikin duhu, ga shi kuma bazarar wannan yanki tana haura digiri 40, balle a ƙarƙashin rufin kwano.

Roba iri-iri ce, kuma ana gane irinta ta lambar da ake bugawa a gindin mazubi cikin alama mai kusurwa uku. Mai lamba 5, wato polifurofilin, da masu lamba 2 da 4, wato poliyetilin, da mai lamba 1, wato poliyesta, su ne masana suka yarda da su, domin ba sa fitar da abin da zai taɓa hoto. Mai lamba 3 kuwa, wadda ake kira PVC, tana tsattsafo wani maiƙo da ake zuba mata don ta yi laushi, kuma idan ta tsufa tana fitar da asid mai cin hoto; ƙarfin warin sabuwar roba yakan zama alamar gargaɗi. Haka nan liƙe hoto cikin leda da injin zafi, kamar yadda ake yi wa takardun shaida, ɓarna ce da ba ta gyaruwa.

Lokacin rufewa ma yana da muhimmanci, domin murfi mai kamewa yana tsare duk iskar da ya tarar a ciki. Wanda ya rufe mazubi a tsakiyar damina ya kulle hotunansa tare da danshi, alhali wanda ya rufe shi a hunturu, bayan ya kaɗe ƙura, ya kulle su da busasshiyar iska. Ya kamata a sa farar takarda mai tsabta tsakanin hoto da hoto, a cire robar ɗaure kuɗi da ƙarfen maƙala takarda, a jefa ƙananan ƙunshin shan danshi irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi, sannan a ɗora mazubin a kan wani abu a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da ƙasa da kuma rufi.

Kafin a mayar da murfi, a zauna da dattawan gida a rubuta sunan kowa da gari da shekara a bayan hoton da fensir mai laushi, a kuma ɗauki kwafinsa da waya, tun masu gane fuskokin suna raye.