Gani Ya Kori Ji

A makarantar sakandare akwai wani ɗaki da ake kira ɗakin gwaje-gwaje. A can, in malami ya ce wuta ba ta ci sai da iska, yakan ba yaro kyandir ya kunna, ya kife shi da kwalba. Jim kaɗan sai wutar ta mutu, domin iskar da take bukata, watau oksijin, ta yi ƙaranci. Wanda bai fahimta ba, malami yakan zauna da shi bayan an tashi, ya sake gwadawa da hannunsa har ya gane.

To, yara, in kun isa can, kada kunya ta hana ku tambaya. Wanda ya ɓoye rashin saninsa, ranar jarrabawa asirinsa zai tonu.