Idan Kwikwiyonka Ba Ya Shiri da Karnuka

Manomi ko mafarauci a Bakori, idan kwikwiyonka, ko da Pitbull ne, yana tayar da gashin wuya yana gurnani da ya hango wani kare, galibi tsoro ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: tsakanin mako 3 zuwa 14 da haihuwa kare ya fi saurin sabo.

Fara kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa rigakafi. Sannan ka riƙe shi da igiya, ku tsaya nesa da tsohon kare mai sanyin hali. In ya kalle shi bai yi haushi ba, miƙa masa guntun dafaffen nama. Kullum rage tazarar kaɗan. In gurnani ya dawo, ku ja baya. Kada ka doke shi, duka tsoro yake ƙara masa. Kada ka sake shi cikin karnukan farauta tukuna.