Mutanen da Ke Hana Jirgi Tashi

A kowace kwata mai ƙungiya a gaɓar tafkin Kainji akwai mutum uku ko huɗu da ba wanda ke biyansu albashi, amma da bakinsu jirgi ke tashi, da bakinsu yake tsayawa. Ciyaman ne da sakatare da ma'aji, wani wurin har da mai kula da layi. Matuƙa ne kamar kowa, kowanne da jirginsa da iyalin da yake ciyarwa, abokan sana'arsu ne suka zaɓe su. Ni ne ke riƙe da littafin ƙungiyar matuƙa a kwatarmu, kuma na rubuta wannan ne don fasinjoji da masu shirya biki da malaman Islamiyya, saboda da yawansu sun ɗauke mu 'yan kamasho masu karɓar kuɗin layi kawai.

Doka tana nan. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ita ke yi wa jirage rajista, ita ke bai wa matuƙi lasisi, tana kuma da ofishi a Yelwan Yauri. Ƙa'idodinta ba ɓoyayyu ba ne: ba tafiyar dare, ba lodin da ya wuce kima, ba hawa jirgi ba rigar kariya. Sai dai hanyoyin ruwan Najeriya sun kai kimanin kilomita 10,000, kuma duk wanda ya zagaya tafkin nan ya san tungaye da mashigai ba su ƙirguwa. Babu hukumar da za ta iya ajiye ma'aikaci a kowace gaɓa. Lasisi yana shaida cewa mutum ya iya tuƙi, amma lasisi ba ya tsayawa bakin ruwa ranar kasuwa ya ce a sauke buhu biyar. Mutum ne ke faɗin haka, kuma a mafi yawan wurare mutumin nan ɗan sa-kai ne.

Makaminmu guda ɗaya ne, layi. Jirage suna lodi bi da bi, kuma sunan kowa yana cikin littafi. Wanda ya karya ƙa'ida, sai a tsallake shi ranar kasuwa mai zuwa. Ba mu da ɗan sanda, ba mu da kotu, amma matuƙin da ya rasa lodin kasuwa ɗaya ya rasa abincin mako, don haka yana jin wannan horo fiye da tara. A littafin nan nake rubuta sunan jirgi, da matuƙinsa, da lambar lasisinsa da ranar da zai ƙare, da lokacin tashi, da yawan mutanen da ke ciki, manya daban yara daban. Wasu fasinjoji suna ƙin a ƙirga su, suna cewa ana yi musu baki. Ina roƙonsu su daina. Ranar da abu ya faru, Allah Ya kiyaye, wannan lissafi ne kaɗai ke gaya wa masu ninƙaya mutum nawa suka rage a ruwa, ya kuma gaya musu lokacin da za su daina nema.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A sana'armu ban yarda da ido ba, domin ranar kasuwa idon matuƙi kuɗi yake gani. Shi ya sa muka sa kowane jirgi da ke cikin ƙungiya ya sha jan fenti a gefensa, layi ɗaya daga gaba har baya. In ruwa ya taɓa jan layin, lodi ya ƙare, ko da rabin benci babu kowa. Nan ne fasinja ke yawan ruɗewa. Yana ganin wurin zama sai ya ce akwai wuri, ya manta cewa a ƙarƙashin ƙafarsa akwai masara, kuma buhu ɗaya kilo 100 ne, ya fi ƙaton namiji nauyi. Ga babura, ga awaki, wani lokaci har da shanu, waɗanda ba sa tsayawa inda aka ajiye su. Jirgin da aka tula wa kaya a saman rumfa ya fi kowanne haɗari, saboda nauyin da ke sama shi ke juya jirgi in igiyar ruwa ta buge shi a gefe, rumfar kuma ta rufe mutanen da ke ciki.

Sai lafiyar jirgin kansa. Jiragenmu na katako ne, ƙusa ke riƙe da su, ana toshe tsakanin katako da tsumma da kwalta. Katako yana tsufa, ƙusa tana tsatsa. Ga alamar da kowa zai iya dubawa da idonsa kafin ya biya kuɗin fito: kalli yaron da ke kwasar ruwa da yankakkiyar jarka. In yana kwasa yana hutawa, wannan al'ada ce. In jirgi yana tsaye a kwata, bai tashi ba, amma yaron bai ɗaga kai ba, to ka sauka ka jira na baya.

Wani aikin da ba a ganin shugabannin ƙungiya suna yi shi ne riƙon taswirar ruwa a ka. Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutane sama da 40,000, kuma ba duk itatuwan da ke wurin aka sare ba. Har yau kututturansu suna tsaye a ƙarƙashin ruwa. Tafkin kuma ba ya zama a matsayi ɗaya. Yana cika da farin ruwa na daminarmu, sannan baƙin ruwa ya iso da sanyin hunturu, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini ya ratso Mali. Daga nan ya dinga janyewa har farkon damina. Hanyar da ka bi lafiya a watan Janairu, a watan Yuni kututture na jiranka a kanta, tafin hannu ɗaya ƙarƙashin ruwa. Dattawan Sarkawa da Gungawa sun san wuraren nan ɗaya bayan ɗaya. Aikinmu ne mu zaunar da sabon matuƙi gabansu, mu hana shi layi shi kaɗai sai ya yi zirga-zirga a bayan wani babba ya ga ruwan a cikarsa da janyewarsa. Saurayi na iya zuwa da takardarsa cikakkiya, mu karɓa da girmamawa, mu ce masa duk da haka sai ya bi Baba wane tukuna. Wasu suna fushi, su ga kamar ana tauye su. Da ruwa ya ja, mu ne kuma ke fita mu kafa gora ko mu ɗaura jarka a kan kututturan da ke bakin hanya, da man da muka saya daga asusun ƙungiya.

Abin da ya fi wuya shi ne faɗin a'a ga wanda ka sani. Wata ranar kasuwa da la'asar sakaliya, hadari ya haɗo daga gabas, jirgin ƙarshe ya cika har ruwa ya rufe jan layin. Ciyaman ɗinmu ya ce sai an rage mutane da kaya, kuma ba za a tashi ba sai iska ta wuce. Matuƙin ɗan ƙanwarsa ne. Cikin waɗanda aka ce su sauka akwai wata dattijuwa da ta sayar da busasshen kifinta tana son komawa gida.

Ta ce, “Haba ɗan nan, ni ce zan nutsar da jirgi? Nawa nake?”

Ciyaman ya rusuna ya ce, “Inna, ku yi haƙuri, ba nauyinku ba ne. In abu ya faru, samarin nan za su yi iyo, ku fa? Ku zo gida ku kwana wurin iyalina, da sassafe ni da kaina zan kai ku.”

Matuƙin ya matso yana gunaguni: “Kawu, yau kaɗai. Ka san bashin injin nan.”

Ya ce, “Na sani. Sauke buhunan.”

An sauke. Hadarin ya zo ya wuce, jirgin bai tashi ba sai washegari, domin kafin iska ta lafa duhu ya yi. Ba wanda ya gode wa ciyaman. Wasu 'yan kasuwa sun zage shi a gabana, ƙanwarsa kuma ta daɗe ba ta gaishe shi ba. Haka aikin yake: in ka yi shi daidai babu abin da ke faruwa, kuma ba a yabon mutum a kan abin da bai faru ba.

Yanzu ga inda nake son a saurare ni da kyau. Duk wannan tsari na layi da littafi da jan fenti, jirgin haya na yau da kullum yake kamawa. Jirgin shata ba ya bi ta hannunmu. Mai biki ko mai shirya Maulidi ko dangin mamaci sukan je wurin matuƙi kai tsaye, su yi ciniki a kan jirgi sukutum, ya je ya ɗauke su a gaɓar ƙauyensu inda babu kowa daga cikinmu. Tunda kuɗin jirgi aka biya, ba na kai ba, duk wanda ya zo sai a ce ya shiga, ai ba a barin ɗan'uwa a baya. Taro kuma ba ya tashi da wuri, sai a dawo cikin dare.

Ku dubi manyan haɗurran shekarun nan ku ga su wa ke ciki. A ranar 30 ga Nuwamban 2021, a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, jirgi ya kife da mutanen Badau, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, aƙalla 29 suka rasu. A watan Yunin 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, sama da mutum 100 suka rasu cikin dare suna dawowa daga biki a Egboti ta jihar Neja. A ranar 1 ga Oktoban 2024, a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa, jirgi ɗauke da mutum kusan 300 masu halartar Maulidi, akasari mata da yara, ya kife da dare. Allah Ya jiƙansu da rahama. Taro, dare, mata da yara, jirgi ɗaya. Ba ina cewa jirgin kasuwa ya tsira ba. Haɗarin Wara na 26 ga Mayun 2021, a nan cikin tafkinmu, wanda ya ci sama da mutum 70, har yanzu ba a ambatonsa a kwata sai kowa ya yi shiru. Amma a jirgin kasuwa aƙalla akwai wanda za a tambaya ya aka yi ya bari aka tashi. A jirgin taro sau da yawa babu.

Batun rigar kariya ma a hannun 'yan sa-kai yake ƙarewa. Hukumomi, ciki har da HYPPADEC mai kula da yankunan da ke da madatsun lantarki, sun raba riguna a garuruwan bakin ruwa. Amma rabawa daban, sawa daban. Wani ya mayar da ita matashin zama, wani ya ce zafi, wani ya ce tana da dauɗa, wani ya ce in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa. Gaskiya ne ajali ba ya jinkiri, sai dai wanda ke faɗin haka shi ne ke kulle shagonsa da kwado biyu in zai tafi gida. Ma'ajinmu ne ke ƙirga rigunan da safe, ya karɓe su da yamma, ya sa a wanke a shanya. Babbar damuwarmu ƙananan riguna ne, domin ta babba in ka sa wa yaro, yana faɗawa ruwa za ta zame ta kansa. Mai goyo kuma muna roƙonta ta kwance ta riƙe ɗan a gaba, kada ta ɗora riga a kan goyo.

Ba zan ce duk shugabannin ƙungiyoyi mutanen kirki ba ne. Akwai kwatar da ciyaman ke da jirage uku, to wa zai hana nasa tashi? Akwai inda kuɗin layi ke shiga aljihu ba rasit, har ranar da ake neman man da za a fita ceto a tarar asusu wayam. Akwai wanda ya hau kujera ya ƙi sauka har matasa suka daina zuwa taro. Maganin da na ga yana aiki ba mai tsada ba ne. A sa wa'adi. Ma'aji ya karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata. In jirgin ciyaman ne a layi, wani ne zai duba lodinsa. Sannan a haɗa kai da Sarkin Ruwa da hakimi, domin akwai mai kuɗin da zai raina sakatare irina, amma in aka ce masa Sarkin Ruwa ne ya hana, sai ya sauke murya.

Ga matuƙa 'yan'uwana masu lasisi da ke gudun muƙami don ba kuɗi a ciki: in ku da kuka san ruwa kuka ƙi karɓa, wanda ya san kuɗin layi kawai zai karɓa.

Ga masu shirya taro kuma, abin da nake nema bai fi tafiyar minti kaɗan ba. Kafin ku yi ciniki da matuƙi, ku biyo ta kwata ku gaya wa ciyaman ko sakatare ranar tafiya da yawan mutanenku, har da yara da goyo. Za mu gaya muku jirgi nawa kuke bukata, mu haɗa ku da matuƙan da lasisinsu bai ƙare ba, mu ba ku aron riguna, mu turo mutum ɗaya ya tsaya a gaɓarku lokacin lodi. Ku sa kuɗin jirgi na biyu cikin lissafin biki tun farko, kusa da kuɗin shinkafa. In kuma kun san taron zai kai magariba, ku nema wa baƙinku wurin kwana a can, a dawo da su bayan sallar asuba in gari ya waye.