Yadda Na'ura Ke Jin Maganar 'Yar'uwarta

Ran nan a ɗakin gwaji ɗalibaina suka haɗa wata 'yar na'ura da kwamfuta, suka aika da kalmar "Lafia". Da muka duba allo, sai tarkacen alamomi. Wani ya ce ai na'urar ta mutu, a yar, a sayo wata. Na ce a dakata tukuna, kada mu yi hasarar kuɗi a banza.

Ku sani waya ba ta ɗaukar harafi ɗungum. Farfasa shi a ke yi ɗigo ɗigo, ko 1 ko 0, suna bin juna kamar raƙuman ayari. Zamanin tangaraho, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa irin tamu ta Lafia kunnensa ke bin saurin hannun abokinsa. Na'ura kuwa ba ta da kunne, sai agogo. Don haka tilas mai aikawa da mai karɓa su shirya a kan sauri ɗaya. Ma'aunin saurin nan shi a ke kira bod, daga sunan Emile Baudot, Bafaranshen da ya ƙago tangaraho mai ɗigo 5 a 1874.

To, ga lissafin. In an sa bod 9600, ɗigo 9600 ke wucewa cikin sakan ɗaya. Kowane harafi yana cin ɗigo 10, watau 1 na sallama, 8 na saƙo, 1 na rufewa. Haruffa 960 ke nan a sakan. Da mai karɓa ya ga ɗigon sallama sai ya fara ƙidaya, yana leƙa kowane ɗigo a tsakiyarsa. In agogonsa ya saɓa da kashi 5 cikin 100, kafin ɗigo na 10 kuskuren ya taru ya kai rabin ɗigo, sai ya karanta na maƙwabci. Shi ya sa a ke so saɓanin kada ya wuce kashi 2.

Mu kuwa, ashe kwamfutarmu a kan 115200 ta ke, ninkin saurin na'urar sau 12. Muka mai da ita 9600, nan da nan "Lafia" ta fito sarai.

Motocin da kanikawan garin nan ke jona wa na'urar bincike suna da irin wannan hanya, sunanta CAN, wadda kamfanin Bosch ya fitar a 1986. Da yawa suna gudu a kan ɗigo 500,000 a sakan. A nan har ɗigon kansa a ke yankawa. In agogo yana bugun miliyan 8 a sakan, kowane ɗigo ya sami yanki 16, sai a sa leƙawa a ƙarshen yanki na 14, don a ba saƙo lokaci ya kai ƙarshen waya ya komo.

Ku da za ku zama malamai, ku gwada wannan a aji. Yaro ɗaya ya riƙa buga ganga, wani ya ɗaga hannu ko ya sauke a kowane bugu, na uku ya rubuta 1 ko 0. Sa'an nan ku sa mai rubutu ya toshe kunne ya bi ƙidayarsa. Za su ga ɓarnar da idonsu.

Aikin gida: a bod 1200, haruffa nawa ke wucewa a sakan? Ku kawo mini amsa ran Litinin.