Manhajar taka ce, sunan wa ke kan allo?

Ƙorafi ɗaya ke ta dawo mini daga matasan Affala da Tahoua masu rubuta manhaja. Yaro ya kwashe watanni yana haɗa manhajar lissafin bankin hatsi, amma ranar gabatarwa shugaban ƙungiya ne riƙe da makirfo, tambarin masu tallafi ya cika allon farko, shi kuwa yana gefe yana gyara wayar majigi. Da ya yi magana sai a ce ai an biya shi, kuma bai yi rajista ba.

Wannan magana ba ta da tushe, na kuma gaji da jin ta a bakin masu ilimi. Nijar tana cikin yarjejeniyar Berne, wadda ta tanadi kariya tun ranar da aka ƙirƙiri aiki, ba sai an je wani ofishi ba. Ajiye kwafi a BNDA, hukumar kare haƙƙin marubuta da ke Yamai, shaida ce kawai. Yarjejeniyar Bangui, wadda OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin fasaha da Nijar ke cikinta, ke aiki da ita, ta sa manhaja cikin ayyukan da ake karewa. Batun biya kuwa, haƙƙi biyu ne. Na cin moriyar aiki ana sayar da shi, ko ya koma ga wanda ya ɗauke ka aiki. Na ambaton sunanka ba ya sayuwa ko da nawa aka ba ka.

Mu ma kunya ke cutar da mu. An rene mu kan cewa yabon kai jahilci ne, har yaro ya kasa cewa “ni na rubuta” gaban manya. Faɗin gaskiya ba yabon kai ba ne.

Ƙanena, kada ka tura asalin rubutun manhajarka ta WhatsApp kafin a sa hannu kan takarda. Kada ka tura, ko kawunka ne ya nema, ko an ce gobe za a rubuta. In ya fita hannunka babu takarda, kai ne za ka koma roƙo. Takardar ta faɗi inda sunanka zai fito: cikin manhajar, kan allon gabatarwa, da cikin rahoto. Ka riƙa aiki da Git, domin yana adana sunan marubuci da ranar kowane gyara. In ka ɗauko aikin wani mai lasisin MIT, bar sunansa inda ka tarar da shi, lasisin ya wajabta hakan.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyi, in lokacin tambayoyi ya yi, ku miƙa makirfo ga wanda ya rubuta manhajar, ku kira sunansa gaban jama'a.